Tsatsa a Daɓen Siminti: Dalilinta da Hanyoyin Rigakafi

A garuruwan ƙaramar hukumar Kurni, kamar sauran garuruwan gundumar Kance da ke jihar Damagaram, jama'a suna haɗa kuɗi su yi gini da siminti. Ana yin daɓen ɗaki, da mangazar ajiye hatsi, da murfin masai, da bakin rijiya, da ajin makaranta. Simintin yakan zo daga Malbaza a jihar Tawa, inda ake sarrafa shi tun shekarun 1960, wani kuma daga Nijeriya yake shigowa. Kowa ya san buhun siminti mai kilo 50 ba abin arha ba ne. Sau da yawa sai an sayar da gyaɗa ko wake ko ɗan akuya kafin a saye shi.

Mutane da dama suna zaton abin da aka yi da siminti da ƙarfe ya gama lalacewa. Ba haka ba ne. Tsatsa takan ci ƙarfen da ke cikin daɓe ko a kansa, ta tsaga shi, ta farfashe shi. Asarar ba ta kuɗi ba ce kaɗai. Murfin masai da tsatsa ta cinye yana iya ruftawa da yaro, daɓen mangaza da ya tsage kuma yana shigo da danshi da gara da ɓera har hatsin gari ya lalace. Wannan darasi zai bayyana muku inda tsatsa take fitowa, da yadda za ku gane ta, da abin da za ku yi.

Mece ce tsatsa?

Tsatsa ita ce jan garin nan da kuke gani a jikin fartanya ko hauya in ta kwana a waje da damina. Abu uku ne suke haɗuwa su haife ta: ƙarfe, da ruwa, da iska. In babu ɗaya daga cikin ukun nan, ba za ta samu ba. Shi ya sa adda da aka shafa wa mai aka rataye a ɗaki takan shekara tana ƙyalli. Gishiri kuwa ba shi ne tsatsa ba, amma yana hanzarta ta ƙwarai.

Kuna iya gwada wannan a aji. Ku samo ƙusa uku sababbi. Ku ajiye ta farko a busasshen wuri. Ku naɗe ta biyu da tsumma mai ruwa. Ku naɗe ta uku da tsumma mai ruwan gishiri. Ku riƙa jiƙa tsummokaran kullum, bayan mako guda ku buɗe ku kwatanta.

Akwai wani hali na tsatsa da ya kamata ku riƙe. In ƙarfe ya zama tsatsa, kumbura yake yi. Tsatsar takan cika wuri ninki biyu har zuwa ninki shida na ƙarfen da ta ci. To, idan ƙarfen yana binne cikin kankare, ba shi da wurin kumbura, sai ya tura kankaren daga ciki har ya tsage.

Me ya sa ake sa ƙarfe cikin kankare?

Kankare shi ne haɗin siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Yana da ƙarfin ɗaukar nauyi idan aka danne shi, amma ba ya jure lanƙwasa ko ja. Ƙarfe kuwa yana jure ja. Saboda haka ake sa rodi, wato sandunan ƙarfen gini, cikin duk kankaren da zai ƙetare rami ko ƙofa, kamar murfin masai da kan taga.

Dabarar ba ta daɗe sosai ba. Wani magini ɗan Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar irin simintin da ake kira Portland a shekarar 1824. Wani mai aikin lambu ɗan Faransa, Joseph Monier, ya yi rajistar tukwanen shuka na siminti masu ragar ƙarfe a ciki a shekarar 1867. Daga nan dabarar ta bazu har ta kai ga gadoji da benaye.

Ko manyan ƙasashe ba su tsira daga tsatsa ba. Ranar 14 ga Agusta 2018, wata babbar gada ta rushe a birnin Jenowa na ƙasar Italiya, mutum 43 suka rasu. Masu bincike sun tarar tsatsa ta ci wayoyin ƙarfen da ke binne cikin kankaren gadar. Abin da ya ci waccan gada shi ne yake cin murfin masai a ƙauye.

Yadda siminti yake kare ƙarfe

Ɗanyen siminti yana da kaifi irin na ruwan toka, har ya fi shi. Kaifin nan ne yake cin hannun magini in ya yini yana kwaɓa ba safar hannu. Shi ne kuma yake kare ƙarfe, domin yana sa wani siririn rufi ya lulluɓe jikin rodi, wanda ido ba ya gani. Muddin rufin yana nan, rodi yana iya shekaru masu yawa bai yi tsatsa ba.

Abu biyu ne suke kawar da wannan kariya. Na farko iska ce. A cikin iska akwai wani sashe da muke fitarwa in mun yi numfashi, wanda kuma yake fita daga hayaƙin wuta. Yana shiga kankare a hankali, daga waje zuwa ciki, yana kashe kaifinsa. In kankaren mai kauri ne, an kuma cusa shi da kyau, sai a yi shekaru da yawa bai kai ga rodi ba. In kuwa sirara ne, ko mai ramuka, sai ya isa da wuri. Na biyu gishiri ne. Idan ya narke cikin ruwa ya ratsa kankare, yakan huda rufin nan ko da kaifin simintin bai mutu ba.

Da zarar kankare ya tsage, ruwa da iska sun sami hanya, tsatsa kuma sai ta ƙara sauri. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Garin ƙarfe a fuskar daɓe

A manyan masana'antu da ɗakunan ajiye kaya masu nauyi, akwai wata dabara ta ƙarfafa fuskar daɓe. Ana barbaɗa garin ƙarfe da aka haɗa da siminti a kan kankare tun yana ɗanye, a shafe shi da cokalin magini ko da inji. In ya bushe, fuskar takan jure duka da jan kaya masu ƙafafun ƙarfe. Amma masu yin wannan gari su da kansu suna gargaɗi cewa kada a yi amfani da shi a waje, ko inda ruwa yake zama, ko inda ake taɓa gishiri. Dalili a fili yake. Garin yana can sama, ba kankaren da ya rufe shi. In danshi ya same shi, kowace ƙwaya sai ta yi tsatsa ta kumbura, daɓen ya yi jajayen ɗigo-ɗigo, daga baya fuskarsa ta riƙa marmashewa.

Saboda haka, idan wani ya ba ku shawara ku zuba garin ƙarfe na wurin masu walda ko na maƙera cikin daɓe don ya yi ƙarfi, kada ku yarda. Ban da tsatsa, irin wannan gari yakan zo da mai da datti, su kuwa suna hana siminti kamawa. Ɗakunanmu ana wanke su, ana ajiye randa, yara suna zubar da ruwa. Abin da yake ƙarfafa daɓe a wurinmu shi ne yashi mai kaushi, da tsakuwa mai tauri, da ruwa daidai gwargwado, da shayarwa bayan an gama.

Kada ku haɗa garin ƙarfe da garin kala, wato jan garin nan da ake zubawa don daɓe ya yi ja. Shi garin kala daga ƙarfe aka samo shi, amma ya riga ya gama haɗuwa da iska, ba zai ƙara kumbura ba. Ba ya cutar da daɓe, muddin bai wuce kilo 5 a kowane buhun siminti ba.

Abubuwan da suke jawo tsatsa a yankinmu

Na ɗaya, danshin ƙasa. A fadamun da ake noman rake da kayan lambu a ƙasar Matamaye, ruwa ba shi da nisa. Daga watan Yuni zuwa Satumba ƙasa takan jiƙe, danshi ya riƙa hawa cikin daɓe kamar yadda kananzir yake hawa lagwani. A shekarar da ruwa ya yi yawa, kamar daminar 2024 da ta yi ambaliya a jihohin Damagaram da Maraɗi, gine-gine sukan daɗe a jiƙe.

Na biyu, gishiri da kanwa. Ana ajiye su a gidaje da shaguna don girki da dabbobi. In buhunsu ya zauna a kan daɓe, sukan ja danshi su narke su shiga ciki. In wurin ya bushe sai ku ga farin gari ya fito, fuskar daɓen tana ɓarewa.

Na uku, takin zamani. Taki mai lamba 15-15-15 galibi yana ɗauke da wani nau'in gishiri mai cin ƙarfe. Farin takin yuriya kuma yana jan danshi ya narke. Wasu nau'o'in takin har simintin kansa suke ci.

Na huɗu, fitsari da tururin da yake tasowa daga ramin masai. Ƙasan murfin masai kullum cikin danshi yake, ba kuma mai ganinsa.

Na biyar, rashin kyawun aiki: ruwa da yawa a kwaɓi, ko yashi mai laka, ko rodin da aka shimfiɗa a ƙasa aka zuba kankare a kansa.

Alamomin da za ku duba

Jan tabo ko ruwan ƙasa-ƙasa da yake fitowa daga cikin daɓe.

Tsaga miƙaƙƙiya da take bin layin rodi.

Wurin da yake amsawa kamar ƙwarya idan kuka ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma. Lafiyayyen kankare amonsa tsaf yake fita.

Ɓallewar kankare har rodi ya bayyana.

Gindin ƙofar ƙarfe da ya rube inda ya haɗu da daɓe.

Rigakafi a lokacin gini

1. Ku zaɓi wuri mai tudu. Ku cika ƙasa ku daddaɓe ta, har daɓen ya ɗara ƙasar waje da santimita 30. Ku zuba tsakuwa, ku bi ta da yashi, sannan ku shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare. Ledar ce take tare danshi.

2. Ku gwada yashi. Ku zuba shi cikin kwalba har tsawon santimita 10, ku ƙara ruwa, ku girgiza, ku bar shi ya kwana. Laka za ta kwanta a sama. In kaurinta ya wuce rabin santimita, a wanke yashin ko a nemi wani. Kada a ɗebi yashi inda ƙasa take yin fari-fari na kanwa.

3. Ku yi kwaɓi da ruwan da za ku iya sha. Ruwa mai zartsi bai dace ba.

4. Ku duba simintin. Wanda ya daɗe a ajiye fiye da wata uku ƙarfinsa ya ragu. In akwai dunƙulen da hannu ba ya iya murƙushewa, kada ku karɓa.

5. Ku auna, kada a yi da ka. Don daɓe: ma'auni 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Don murfi mai rodi: 1 na siminti, 2 na yashi, 3 na tsakuwa. A yi awon duka da bokiti ɗaya. Ruwan buhu guda kada ya wuce jarka ɗaya mai lita 25, in yashin a jiƙe yake ma a rage. Kwaɓi mai ruwa-ruwa yana da sauƙin shafawa, amma in ruwan ya ƙafe yakan bar ƙananan ramuka da gishiri da iska za su bi.

6. Ku tsabtace rodi. Ɗan jan da yake kan sabon rodi ba laifi. Wanda yake ɓarewa kamar ɓawon itace sai an kankare shi da buroshin waya. A goge laka. Kada a shafa masa baƙin mai, domin kankare ba zai kama shi ba.

7. Ku ɗaga rodi daga ƙasa. A yi ƴan dunƙulen siminti a ɗora shi a kansu, kada a yi amfani da itace. Kankare ya rufe rodi da santimita 3 ta kowane gefe, kamar faɗin yatsu biyu ke nan. Inda zai taɓa ƙasa ko ruwa, a ba shi aƙalla santimita 5, kamar yatsu uku. Kada a bar kan rodi ko wayar ɗauri a waje.

8. A soka kankaren da sanda, a bubbuga katakon da ya tare shi, don iskar da ke ciki ta fita. Kaurin daɓen mangaza ya kai santimita 10.

9. In ruwa ya taso a fuskar daɓe, a jira ya ƙafe kafin a shafe. Barbaɗa busasshen siminti a kan ruwan yana sa fuskar ta yi ƙura ta tsattsage.

10. A shayar da shi. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, haɗuwa da ruwa ce take ƙarfafa shi. Zafin bazara da iskar hunturu suna ƙafar da shi kafin lokaci. A rufe shi da buhunan algarara ko yashi mai ruwa, a riƙa jiƙawa safe da yamma har kwana 7. Kada a ɗora masa kaya masu nauyi sai ya cika kwana 28.

11. Ƙofa da taga na ƙarfe a shafa musu fenti mai hana tsatsa kafin a kafa su, har da gefen da zai shiga bango, sannan a bi da fentin mai sau biyu. A nemi fentin da ba shi da dalma, domin dalma guba ce, musamman ga yara. Ɗanyen siminti yana cin alminiyam da farin rufin da ke jikin kwano, don haka kada a bar shi ya zauna a kansu.

Kula bayan gini

Kada buhu ya taɓa daɓe. Ku yi dakali na katako ko na itace mai tsayin santimita 10 zuwa 15, ku jera buhuna a kansa, ku bar rabin mita tsakaninsu da bango. Taki da gishiri da kanwa a ware musu wurinsu dabam da na hatsi. In buhu ya fashe, a share nan take tun yana bushe.

A ɗora randa a kan mazauni, a sa kwano a ƙasa ya tare ɗigo. A gyara indararo kafin damina, a kuma yi wa ruwa hanya ya yi nesa da gindin gini.

A wanke murfin masai da ruwa da sabulu ko toka. Kada a zuba masa ruwan batir, domin yana cin siminti da ƙarfe gaba ɗaya.

Yadda ake gyara

In tabo ne kawai a sama, daga gwangwani ko ƙafar gado, ruwan lemun tsami yakan rage shi. A goge, a ɗauraye sosai.

In kankare ya ɓalle a daɓen da yake kan ƙasa, a sassare duk inda ya yi sako-sako har a kai ga mai ƙarfi. A buɗe rodin ta kowane gefe, yadda yatsa zai wuce ta bayansa. A kankare tsatsar da buroshin waya, a share ƙura, a jiƙa wurin. A shafa kunun siminti, sannan a cika da haɗin siminti 1 da yashi 3 tun kunun bai bushe ba. A shayar da shi kwana 7. Mai sassarar ya kare idonsa. Shafa siminti a kan tsatsa ba tare da an kankare ta ba ɓarnar kuɗi ce, domin za ta ci gaba da cin ƙarfen a ɓoye ta sake ɓallo facin.

Akwai inda bai kamata ku yi gyara da kanku ba. In matsalar tana kan rufi, ko ginshiƙi, ko kan ƙofa, ko kuma kun ga rodi ya sirance a fili, ku fitar da mutane daga wurin, ku nemi ƙwararren magini ko ma'aikatan gine-ginen karkara na gunduma a Matamaye. Murfin masai da ya tsage daga gefe zuwa gefe, ko ya lotsa, a daina hawansa tun ranar, a tare wurin da ƙaya saboda yara, a yi sabo. Kada kowa ya shiga ramin don dubawa, iskar da ke ciki tana kisa.

Aikin kwamiti

Idan ginin na jama'a ne, kamar bankin cimaka ko rijiyar gari, kwamiti ya rubuta yarjejeniya da magini tun kafin a fara. A rubuta yawan buhunan siminti, da ma'aunin kwaɓi, da kaurin daɓe, da kwanakin shayarwa, da sunan wanda zai kawo ruwa. Ranar zuba kankare a sami mutum biyu su tsaya su ƙirga buhuna, su kuma auna tazarar rodi kafin a rufe shi, domin in an rufe ba mai sake ganinsa. Magini na gari ba ya ƙin a duba aikinsa.

Sau biyu a shekara, kafin damina da bayan kaka, kwamiti ya zaga ya duba ginin. A rubuta kwanan wata, da wurin da aka ga tsaga, da tsawonta, a littafin ƙungiya. In an dawo aka tarar ta ƙaru, lokacin gyara ya yi. Ga inda karatun da kuke koyo zai yi wa garinku amfani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne abubuwa uku ne suke haɗuwa su haifi tsatsa?

2. Me ya sa garin ƙarfe bai dace da daɓen ɗakunanmu ba?

3. Santimita nawa ya kamata kankare ya rufe rodi?

4. Idan za a kwaɓa buhu 4 na siminti, lita nawa ne iyakar ruwan da za a zuba?

5. Wane gini ne a garinku yake da alamar tsatsa, wa kuma ya kamata a sanar?